Neman kalma: fatar idon da ake haifar yaro da ita a sauke

Mai Shirin Lafiya: Salamu alaikum. Gobe da la'asar za mu naɗi shiri kan yaran da ake haifa fatar idonsu ta sama ba ta ɗagawa sosai, abin da likitoci ke kira congenital ptosis. Me zan ce da Hausa? Har da kalmar abin da ke samun naman da ke ɗaga fatar nake nema. A taimaka kafin dare.

Uwar Biyu: Shanyewar fatar ido mana.

Likitan Ido: A'a Hajiya. Da an ce shanyewa, hankalin mutane zai tafi ga shanyewar ɓarin jiki. A yawancin yaran nan tsokar ce ba ta ginu daidai ba tun a ciki. In an yanko ta wajen tiyata aka duba, zaren tsoka kaɗan ne, sauran kitse ne da nama mai tauri irin na tabo. Tun 1955 wasu likitocin ido biyu, Berke da Wadsworth, suka nuna cewa gwargwadon ƙarancin zaren, gwargwadon saukar fatar. Shi ya sa ba ta jan fatar sama, ba ta kuma sakinta: in yaron ya kalli ƙasa, fatar mai matsalar ce ke maƙalewa sama da mai lafiyar. Kada kuma ki ce tsokar ta lalace, don ba ciwo ba ne mai ci gaba da cin ta. Ki ce rashin ginuwar tsoka.

Malamin Hausa: Lumshau. Daga lumshe, kamar yadda sanƙare ya ba mu sanƙarau. Gajere, ga shi da tushe. Na daɗe ina cewa a riƙa ƙirƙira da awon da harshen ya zo da shi.

Uwar Biyu: Malam, lumshau kamar sunan kwalli. Lumshe ido ai yanga ce ko barci.

Likitan Ido: Kuma mai lumshewa da gangan yake yi, ido biyu. Wannan galibi ido ɗaya ne.

Malamin Hausa: Sanƙarau ma ranar farko wani ya yi masa dariya. Matsalarku ke nan ƴan boko, in Bature ya ɗauko kalmar Girkanci mai ma'anar faɗuwa kawai, sai ku ce ilimi. In Bahaushe ya ƙera tasa, sai ku ce kwalli.

Ɗan Maraɗi: Mu nan da Faransanci likita ke faɗa, ya juyo ya ce wa uwa fatar ido ta faɗo. Amma don Allah kada ku yanke a Kano ku ce an gama. Rediyonku har nan ake ji.

Malamin Hausa: Wa ya kawo Kano? Ni Bazazzage ne.

Ɗan Maraɗi: Duk ɗaya ne daga nan.

Wani Ɗalibi: Me zai hana a ce tosis kawai? Asibiti da likita ma aro ne.

Malamin Hausa: Ɗana, aron da ya shekara ɗari a bakin mutane daban da wanda za a yi gobe da la'asar.

Mai Shirin Lafiya: Jama'a, lokaci. Saukar fatar ido ta haihuwa ta yi?

Uwar Biyu: Ƙanwata, ta haihuwa za a ɗauka ciwon maijego ne. Ki ce tun daga haihuwa.

Likitan Ido: Na yarda. Kada dai ki ce ta gado, yawanci ba a samun mai ita a dangi. Ki kuma gaya wa iyaye, yaron da ke ɗaga haɓa da gira don ya gani, a kai shi asibitin ido da wuri. In fatar ta rufe ƙwayar, ganin idon ba zai ƙosa ba. In tsokar na da ɗan ƙarfi ana rage tsawonta, in babu ana rataya fatar a tsokar goshi da zaren roba ko tantanin da aka ciro daga cinya.

Malamin Hausa: Kalma shida. Wannan bayani ne, ba suna ba. Ki yi da shi gobe tunda kin matsu, amma ki ambaci lumshau ko sau ɗaya mu ji abin da masu kira za su ce.

Mai Shirin Lafiya: In minti ya ragu, Malam.