Tankin Ruwa a Kan Rufi da Famfo a Kan Sola: A Ƙirga Su Cikin Nauyi Ko A'a?

Alhaji Mamman: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ginina na Sabon Gari ya kai rufi, an zuba dal, wato rufin kankare. Ina so in ɗora tanki mai lita 1000 a sama, in haɗa masa famfo mai tura ruwa sama da sola. Mai wuta ya ce in ƙara girman inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, mai zanen gida ya ce in ƙara ginshiƙi. Ni kuwa a ganina abin da ba kullum yake aiki ba bai kamata a ƙirga shi cikin nauyi ba, na gini ko na wuta. Famfo minti ashirin ya gama. Tanki kuma, a Damagaram ɗin nan, sau nawa yake cika?

Malam Sani magini: Wa alaikumus salam Alhaji. Ina bayanka a maganar tanki. Ku zaga gari ku gani, tankuna ne birjik a kan dal, ban ga wanda ya rufta ba.

Injiniya Hadiza: Baba Alhaji, a yi mini haƙuri, ban yarda ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan tankinku in ya cika tan guda ne, kuma gindinsa bai fi faɗin mita ɗaya ba. Daɓen ɗakin kwana ana lissafa masa kilo 150 zuwa 200 a kowace murabba'in mita, na mutane da kayan ɗaki. Tankin ya ninka wannan sau biyar ko fiye, a wuri ɗaya. Kuma ƙarancin ruwan da kuka ambata shi ne zai sa ranar da ruwa ya zo a cika shi maƙil. Ranar ce ake yi wa lissafi.

Malam Sani magini: To me ya hana na sauran mutane faɗuwa?

Injiniya Hadiza: Wasu an dace sun zauna a kan bango ko ginshiƙi. Wasu kuma rarar da aka bari suke ci. A ƙa'idar lissafin kankare da muke bi, nauyin dindindin, irin su dal ɗin kansa da bango da tayil, ana ninka shi da 1.35. Mai zuwa ya tafi, irin su mutane da kaya, da 1.5. An bar wannan rara ne saboda yashi mai ƙasa-ƙasa, ko rodin da ya goce lokacin zubi, ko kankaren da bai sha ruwa ba a zafin watan Afrilu. Ba a bar ta don tanki ba. Kuma dal ba ya faɗuwa rana ɗaya, Malam. Tsaga ce siririya daga ƙasa, ruwan da tanki ke zubarwa ya bi ta, rodi ya yi tsatsa ya kumbura ya ɓare kankaren.

Usaini mai wuta: Ni a ɓangarenmu Alhaji yana da rabin gaskiya. Ba ma tara duk abin da ke gida mu ce shi ne nauyi, don babu gidan da ke kunna komai lokaci guda. Da haka muke yi, da babu mai iya sayen waya. Amma famfo daban ne. Mai ƙarfin rabin doki, a awon ƙarfin inji, wajen wat 370 ne yake bayarwa, abin da yake ja ya ɗara haka, kuma a daƙiƙar da zai tashi yakan ja ninki uku zuwa shida. Inbata ba ta san minti ashirin ba, wannan daƙiƙar take ji. In firij ya tashi tare da shi, sai ka ji ta yi ƙara ta ɗauke. Tun Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take turo mana mutane suka koma sola, yawancin kiran da nake samu wannan ne.

Laminu ɗalibi: Yaya Usaini, batir fa? Malaminmu ya ce shi ma nauyi ne, na kasa ganewa, tunda shi ke ba da wuta.

Usaini mai wuta: Da dare shi ke bayarwa. Da rana yana ci daga farantan sola kamar yadda fanka ke ci, to a lokacin nauyi ne. Duk abin da ke karɓar ƙarfi daga layi ana ƙirga shi, har wayar kanta in ta yi siriri, tana cin rabonta ta mayar da shi zafi. Wat 1000 a kan bolt 220 bai kai amfa 5 ba (amfa shi ne awon yawan wutar da ke bin waya), amma a batir mai bolt 12 ya haura amfa 80. Shi ya sa wayar batir take da kauri kamar yatsa.

Baba Isufu na Birni: Ku yara kuna ta lambobi. Mu da muka tashi a soron ƙasa mun san wannan tun kafin siminti. Azara tana ɗauke da ƙasar rufi shekara da shekaru lafiya lau. Ranar da indararo ya toshe cikin Agusta, ruwa ya kwanta, ƙasa ta sha ta yi nauyi, ranar azara ke karyewa. Shi ya sa kafin damina ake hawa a share, a yi yaɓe.

Injiniya Hadiza: Haka ne Baba. Ruwan da ya kwanta santimita 10 kawai, kilo 100 ne a kowace murabba'in mita.

Alhaji Mamman: Na famfo na ji, amma zan iya hana yara kunna komai in yana aiki. Ashe ba sai na canza inbata ba?

Usaini mai wuta: In da rana ne kuma firij a kashe, mai yiwuwa. Ku turo mini hoton takardar da ke jikin inbatar, akwai lamba biyu, ta aikin kullum da ta ɗan lokaci. Ta biyun nake son gani.

Malam Sani magini: Ni har yanzu ina ganin ƙarin ginshiƙi ɓarnar siminti ce. A tura tankin kusurwa, kan inda bango biyu suka haɗu, a yi masa dakali.

Injiniya Hadiza: Wannan ya fi tsakiyar ɗaki nesa ba kusa ba, Malam, in dai akwai ginshiƙi a kusurwar kuma ya sauka har harsashi. Baba Alhaji, rodi mai lamba nawa aka sa a dal ɗin, kuma kaurinsa santimita nawa? Kada a hau da tankin sai na ga zanen.