Neman Kalmar Hausa: Me Za Mu Kira Mawaƙin da Ke Jin Harsuna da Yawa?

'Yan uwa masu kishin Hausa, akwai wata kalmar Turanci da ake yawan liƙa wa wasu shahararrun mawaƙan kiɗan rok, wato polyglot, wadda Faransanci ma yake da irinta, kuma har yau masu fassara a cikinmu ba su tsaya a kan kalma ɗaya da za ta maye gurbinta ba. Abin da take nufi shi ne mutumin da ya iya magana da harsuna da dama. Kafin a raɗa mata suna, ya kamata mu fara sanin waɗanda ta dace da su a cikin mawaƙan nan.

Gene Simmons na ƙungiyar Kiss an haife shi a birnin Haifa na Isra'ila a shekarar 1949, mahaifiyarsa 'yar ƙasar Hangare ce, don haka ya tashi da Ibrananci da harshen mahaifiyarsa, kuma bai fara Turanci ba sai da suka koma Amurka yana ɗan shekara takwas. Manu Chao, wanda ya jagoranci ƙungiyar Mano Negra, haifaffen Paris ne a 1961, iyayensa kuwa mutanen Sifaniya ne, kuma yana waƙa da Faransanci da Sifaniyanci da Turanci da harshen Fotugal, wani lokaci ma ya haɗa biyu ko uku a waƙa ɗaya. Mick Jagger na Rolling Stones bai gaji Faransanci a gida ba, koyonsa ya yi, amma ya iya shi har yana amsa tambayoyin 'yan jarida da shi.

Akwai kuma wani rukuni dabam wanda bai kamata kalmar ta hau kansa ba. A watan Janairun 1964 'yan ƙungiyar Beatles sun shiga ɗakin ɗaukar murya a Paris sun sake rera waƙoƙinsu biyu da Jamusanci, saboda kamfanin faifai yana ganin sai da haka za su sayu a Jamus. Ko da yake sun tsinci 'yan kalmomi a zaman da suka yi a birnin Hambog na Jamus tsakanin 1960 da 1962, wani ne ya fassara musu baitocin, ya kuma koya musu furuci. Wannan hadda ce, kuma duk kalmar da za mu zaɓa dole ta raba mahaddaci da wanda zai iya ciniki a kasuwa da harshen.

Wasu suna rubuta "masanin harsuna", amma wannan kalma tana da masu ita, wato malaman da ke nazarin nahawu da tsarin sauti, irin na sassan harsuna a Jami'ar Bayero ta Kano, kuma mutum yana iya zama gwani a wannan fanni alhali harshe biyu kawai yake yi. "Tafinta" kuwa sunan aiki ne, kuma Jagger ba ya tsayawa tsakanin mutum biyu yana juya musu magana. Na ga kuma wanda ya kawo "mai baki da yawa", ganin cewa muna cewa wane yana jin bakin mutanen wuri kaza, sai dai kunnen Bahaushe zai kai shi ga "baki biyu", wanda zagi ne. "Mai yaruka da yawa" ma ban gamsu da shi ba, domin "yare" a bakin mutane da yawa yana ɗauke da ƙanshin raini, alhali "harshe" yana daidaita kowa.

Shawarata ita ce "maji-harsuna". Bahaushe idan zai tabbatar da cewa mutum ya iya harshe, cewa yake yi "yana jin Larabci", kuma wannan jin ya ƙunshi fahimta da mayar da jawabi, wanda shi ne ainihin abin da mahaddaci ya rasa. Ginin kalmar ma ba baƙo ba ne, domin da shi aka samar da magatakarda da majidaɗi da maci amana, inda ake ɗora "ma" a kan gajeren aikatau sannan a biyo da abin da aka aikata. Jam'inta zai zama "majiya harsuna", kamar yadda muke cewa maciya amana.

Matsala ɗaya da na hango ita ce 'yan jarida sun riga sun saba da "majiya" a matsayin inda labari ya fito, amma ina ganin kalmar "harsuna" da ke biye za ta kawar da ruɗani. Abin da nake neman ra'ayinku a kai, musamman 'yan uwanmu na Nijar da ke fassara daga Faransanci, shi ne iyakar adadi: shin mawaƙi irin Eddie Van Halen, wanda aka haifa a Amstadam a 1955 ya tashi da harshen Holan da Turanci, ya shiga cikin majiya harsuna, ko kuwa sai daga harshe uku za a fara ƙirga?