Jikin yaro ne ya saba da maganin maleriya, ko ƙwayar cutar ce ta canja?

Maman Sadiƙ:
Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara shida ya yi zazzaɓin cizon sauro, aka gwada jini aka tabbatar, aka ba mu maganin nan na kwana uku, ACT. Ya sha na kwana biyu ya warware, har ya koma wasa, ni kuma na ajiye ragowar. Bayan sati uku zazzaɓi ya dawo. Mahaifiyata ta ce jikinsa ne ya saba da maganin, wai haka jikinmu ya saba da kulorokwin har aka daina shansa. Maganar ta tsaya mini a rai. Da gaske jiki ke sabawa? Shi ma wannan maganin haka zai ƙare?

Abu Fadila:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Ina aiki a ɗakin gwajin jini, kuma kullum sai na ji wannan magana. Jikin yaro ba ya sabawa, ƙwayar cutar ce ke canjawa. A jinin mai zazzaɓi ɗaya ana iya samun biliyoyin ƙwayoyin, kowacce tana hayayyafa, kuma wajen kwafar ƙwayoyin gadonta akan samu 'yar tuntuɓe jefi-jefi. Yawancin tuntuɓen ba ya ƙara mata komai. Amma idan aka dace ɗaya ya sa ta jure magani, sai maganin ya share 'yan'uwanta ya bar mata fili, sauro ya ɗauke ta ya kai wa wani.

Haka kulorokwin ya faɗi. Masu jure shi sun fara ɓulla a ƙarshen shekarun 1950 a iyakar Tailan da Kambodiya da kuma Kolombiya, suka iso Gabashin Afirka a 1978. Sai a 2000 aka gano gurbin da ya canja a ƙwayoyin gadon cutar, wanda ake kira pfcrt. Abin da ya fi burge ni shi ne Malawi. Sun janye kulorokwin a 1993, kuma cikin kusan shekara goma masu juriyar suka ɓace, domin idan babu magani a gari, ƙwayar asali ta fi su ƙarfin yaɗuwa. Da jikin mutane ne ya saba, da hakan bai faru ba.

Nas Halima:
'Yar'uwa, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa: sau shida ake shan maganin nan, ba huɗu ba. Magani biyu ne a haɗe, atimita da lumefantirin. Atimita yana kashe mafi yawan ƙwayoyin cikin sauri, shi ya sa yaro ke miƙewa da wuri, amma cikin 'yan awanni yake barin jiki. Lumefantirin ne ke daɗewa ya ƙarasa ragowar, kuma ya fi shiga jiki idan an sha da madara ko abinci mai maiko. Zazzaɓin yanzu ko dai ragowar na farko ne, ko sabon cizo. Ki mai da shi asibiti yau a sake gwaji, kada ki ba shi wancan ragowar.

Malam Bashir:
Kan tambayarki ta biyu, akwai abin damuwa. Tun wajen 2008 aka ga atimisinin, wato tushen da ake samo atimita daga gare shi, yana jinkirin share ƙwayar a yammacin Kambodiya, a 2014 aka danganta hakan da gurbin kelch13. A 2020 aka ba da rahoton irinsa a Ruwanda, sannan Uganda da Eritiriya da Tanzaniya. Kuma ba daga Asiya aka kawo waɗannan ƙwayoyin ba, a Afirka suka tsiro da kansu. Jinkiri ne dai, maganin yana warkarwa muddin abokin haɗinsa na aiki. A Kambodiya da abokin haɗin, fiferakwin, ya gaza, maganin ya riƙa kasa warkarwa sosai. Wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ke gudu, har ta fitar da tsari na musamman don Afirka a 2022.

Maman Sadiƙ:
Na gode ƙwarai. Wallahi jikina ya yi sanyi da na karanta amsar Nas Halima. Mun dawo daga asibiti yanzu, an duba jinin a madubi, akwai cutar. Na rubuta lokutan shan guda shida na manna a bango.