Gurbi uku a kamfani ɗaya: in nema duka ko in tsaya ga ɗaya?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. Wani kamfanin sarrafa shinkafa nan Sakkwato ya fitar da guraben aiki, uku daga ciki sun yi mani: mataimakin akanta, mai kula da sito, da jami'in talla. HND (babbar difloma) gare ni a lissafin kuɗi, na gama bautar ƙasa. In tura takarda ga duka ukun, ko yin haka zai sa a ce ban san abin da nake so ba?

Hajiyar Arkilla:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara da sake karanta sanarwar har layin ƙarshe, don a nan ake ɓoye sharaɗin. In an ce gurbi ɗaya kowa zai nema, magana ta ƙare. Hukumomin tarayya sun fi tsananta wannan: hukumar da ke ɗaukar ma'aikatan shige da fice, kashe gobara, gidan gyaran hali da sibil difens takan faɗa ƙarara cewa wanda ya nema sau biyu an cire shi.

In ba a hana ba, nemi biyu, bar na uku. Akanta da sito 'yan gida ɗaya ne, duk lissafin shiga da fita ne, takardarka ta HND tana ɗaukar su. Talla kuwa wani fanni ne daban. Yawanci mutum ɗaya ne a sashen ɗaukar ma'aikata ke tace takardun duka guraben, kuma sunanka zai fito masa sau uku a jere. Biyu masu kama da juna, zai ce yaron ya san fanninsa. Uku da ba su haɗa hanya ba, zai ce ko me aka ba shi karɓa zai yi, irin wannan kuma shi ke fara barin aiki.

Kowane gurbi da wasiƙarsa, da CV da aka gyara masa kai. Ta akanta ka sa daidaita asusun banki, lissafin albashi da Excel a sama. Ta sito ka sa ƙidayar kaya, katin shigar kaya da fitarsu, da takardar rakiyar kaya. Amma shekaru, sunan makaranta, sakamako da wurin bautar ƙasa kada su bambanta ko da harafi ɗaya, don za a jera su a duba. Ka tura su PDF, kowace da sunanka da sunan gurbin, wanda ka fi so shi ne farko.

Malam na Gwiwa:
Hajiya ta gama magana, ƙari kawai zan yi. Kada wani mai shagon intanet ya ruɗe ka da buɗe imel biyu don ka cika sau biyu. Lambar NIN ɗinka guda ce, lamba 11, ga lambar waya ga ranar haihuwa. Da su anka saba kama mai maimaitawa, kuma in anka kama ka duka biyun za a zubar.

Sai batun jarabawa. Kamfani yakan yi ta kwamfuta rana ɗaya ga duk guraben, wani lokaci sa'a ɗaya. In saƙon gayyata biyu sunka zo maka, rubuta masu tun kafin ranar ka tambayi wadda za ka zauna. Kada ka yi shiru ka ƙi zuwa ɗaya, rashin zuwa ana rubuta shi.

Ɗan Mabera:
Na gode Hajiya, na gode Malam. To in an tambaye ni a intabiyu wanne na fi so fa?

Yayan Runjin Sambo:
Za a tambaya kuwa. Kada ka ce "duk wanda kuka ba ni". Ka ce akanta ne zaɓinka na farko saboda shi ka karanta, sito kuma ka nema ne don ka iya ƙidayar kaya da daidaita ta da littafi. Jimla biyu sun isa.

Akwai abin da ba a taɓa ba: ka binciki matakin kowane gurbi. Sau da yawa sito na mai ND (ƙaramar difloma) ne, akanta na mai HND ko digiri. In aka ɗauke ka a gurbin ND, albashin ND za a biya ka, kuma komawa matakin da ya dace da takardarka ba ya zuwa da kansa, sai an sami gurbi an yarda. Mai tacewa ma yana iya ganin ka nemi na ƙasa ya tura ka can, tunda ya fi masa araha.

Ka kuma tambayi wa zai ba da takardar kama aiki. Wani gurbin na kamfanin ne kai tsaye, wani kuma ta hannun ɗan kwangilar samar da ma'aikata ne, ko da a sanarwa ɗaya suka fito. Duba ko akwai fansho: a dokar 2014, ma'aikaci na ba da kashi 8 cikin ɗari, mai kamfani kashi 10. Mutanen da ka sa a matsayin masu shaidarka kuma ka gaya masu gurbi biyu ka nema, kada a kira su a ce sito su ce ai akanta suka sani.