Zauren 'Yan Garinmu: Waƙoƙin Ɗanmaraya Jos da za a zuba wa Baba a memori

Auta: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Tun da idon Baba ya yi rauni ya daina zuwa gona, a soro yake wuni da 'yar rediyonsa mai cin memori. Jiya ya ce in samo masa Ɗanmaraya Jos. Ni kuwa sunan kawai na sani. Lahadi zan shiga kasuwar Gujungu wajen masu tura waƙa, waɗanne zan ce a zuba masa?

Kawu Direba: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Yaya lafiya. Auta, da Waƙar Karen Mota za ka fara, sauran su biyo baya. Ka san mahaifinka ya yi yaron mota kafin ya zauna noma? Babbar mota ya bi, mai ɗaukar gyaɗa zuwa Kano, ni a bayansa na shiga sana'ar. Yaron mota a zamanin nan shi ke kwana a ƙarƙashin mota cikin hunturu, shi ke dirowa da gudu ya sa weji idan an tsaya a gangare, shi ke neman ruwan lagireto a garin da bai san kowa ba. Direba ya ci ya ƙoshi, a miƙo masa ragowa. Ko sunansa ba a kira, sai dai a ce kai yaro. Manyan makaɗa kuwa sarakuna da attajirai suka fi fuskanta. Sai ga wani ya ɗauki kuntigi ya yi wa mai rigar baƙin mai waƙa sukutum, ana sa ta a gidan rediyo. Ranar da na fara jin ta ina wanke taya a tasha, sai da na ajiye bokitin na tsaya har ta ƙare.

Auta: Wallahi Kawu ban taɓa sanin Baba ya bi mota ba. Bai taɓa faɗa mana ba.

Kawu Direba: Ba abin da ake faɗa wa 'ya'ya ba ne a lokacin. Sa masa waƙar, zai ba ka labarin da bakinsa.

Malam na Firamare: Auta, ya kamata ka san mutumin da za ka saurara. Sunansa na yanka Adamu, ana ce masa Adamu Wayya, an haife shi a Bukuru kusa da Jos a 1946. Mahaifinsa makaɗi ne a gidan Sarkin Hausawan Bukuru. Uba ya rasu yana jariri, uwa ma ba ta jima ba ta bi, sarkin ne ya riƙe shi. Ka ga Ɗanmaraya ba sunan ado ba ne, abin da ya same shi ne. Ina ganin shi ya sa idonsa kullum yake kan na ƙasa, da matar da aka yi wa dole, da wanda ba shi da mai tsaya masa. Kuma shi kaɗai yake abinsa, ba 'yan amshi, ba tarin makaɗa a baya kamar yadda Shata yake da masu kalangu. Muryarsa ce da tsirkiya ɗaya. Da wannan ya zaga ƙasashen waje, ya karɓi lambar girmamawa ta ƙasa, Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015, a farkon azumi. Allah ya jiƙansa.

Maman 'Yan Biyu: Amin. Ku maza duk kun tafi kan mota. Auta, kar ka baro Gujungu ba a sa maka Jawabin Aure da Auren Dole ba, da Gulma Wuya. Ba don Baba kaɗai ba, Inna ma tana jin rediyon daga tsakar gida. Abin da nake so da Ɗanmaraya, yana sauya murya, ya yi ta miji ya yi ta mata, kai ka ce mutum biyu ne ke sa-in-sa a ɗaki. Yayarmu da aka aurar tana ƙarama ga wanda ba ta so, duk sanda aka sa Auren Dole takan bar tankaɗen da take yi ta yi shiru. Babu wanda ya iya faɗa wa iyayenmu maza wannan magana a fuska, shi ya faɗa musu ta rediyo, kuma suka saurara.

Na Haɗeja: Duk na yarda, amma ba za a cika wa dattijon Jigawa memori a bar Haruna Uji ba. Namu ne, ɗan Haɗeja, kuma direbobi sun san shi ciki da bai. A sa Jummai da Balaraba. Kunnen da ya saba da kuntigi ba zai ƙi gurmi ba.

Auta: Yaya, ba abu ɗaya ba ne kuntigi da gurmi? Ni a hoto duk iri ɗaya nake gani.

Na Haɗeja: Ina! Gurmi da ƙwarya ake yin cikinsa, tsirkiyarsa ta wuce ɗaya, sautinsa yana da kauri. Kuntigi ɗan ƙarami ne, sau da yawa ma gwangwanin kifi ake rufewa da fata a sa masa sanda, muryarsa siririya mai kaifi. Kukuma kuma daban take, ita gogawa ake yi da izga, irin ta Garba Supa, wadda ɗansa Nasiru ya riƙe a Kano.

Kawu Direba: A sa Uji, ban hana ba. Amma a ware masa wurinsa daban. Waƙar Ɗanmaraya Yaya ya nema, kar ya danna ya ji wani.

Mai Cajin Waya: Maganar Kawu tana kan hanya. Auta, ji ta ɓangaren sana'a. Ka ce a zuba maka sauti zalla, kar a sa bidiyo, ƙananan rediyon nan ba sa karanta shi. Sannan ka tafi da rediyon a aljihu, ka saurari farkon kowace waƙa kafin ka biya. Bara na karɓo wa surukina a wajen wani mai turawa a wata kasuwa, an rubuta sunan Ɗanmaraya a kai, muka dawo gida ashe rabi wasu yara ne suka maimaita waƙoƙin da fiyano. Tsohon ya cire memorin ya miƙo min bai ce komai ba, na ji nauyin abin ƙwarai. Idan ka ji ganga ko kiɗan inji a baya, ba ita ba ce. Ta asali za ka ji 'yar ƙarar tsohon kaset a ƙasa, kar wannan ta dame ka. Kuma a sa Karen Mota ta zama ta farko, tunda Baba da lalube yake danna maɓalli.

Malam na Firamare: A ƙara da Mai Akwai da Babu idan suna da ita.

Auta: Na rubuta duka. Allah ya saka da alheri.

Auta: Salam jama'a, na dawo tun jiya da yamma. An samu duka, na saurara ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka ce. Bayan isha'i na kunna masa. Sau uku ya sa na maimaita ta farkon, ya kara rediyon a kunne yana kaɗa ƙafa a kan tabarma. Daga nan ya fara ba ni labarin wani dare da motarsu ta kafe a yashi kafin Ringim, suka kwana suna haƙa da hannu. Mun kai sha ɗaya muna zaune. Kawu, ya ce in tambaye ka sunan mai gyaran tayar nan na bakin tasha, gurgu, ya manta.

Kawu Direba: Ka ce masa ina nan tafe bayan la'asar, zan faɗa masa da kaina. A bar rediyon da caji.

Maman 'Yan Biyu: Auta, in an gama ka kai wa Mai Caji ya kwafa min a wayata, har da na Uji.