Shawarwari kan karatun yaran Siriya 'yan gudun hijira

Malamai da ma'aikatan agaji da suka tattauna halin yaran Siriya, waɗanda yaƙin da ya ɓarke a 2011 ya raba da gidajensu, sun fi daɗewa a kan matsalar harshe. A Lebanon ana koyar da lissafi da kimiyya da Faransanci ko Turanci, alhali yaran da Larabci suka saba, saboda haka aka ce a fara da darasin harshe kafin a sa yaro a aji, kuma a yi haka a Turkiyya.

Sun nuna damuwa cewa ware wa yaran karatun yamma, kamar yadda ake yi a Lebanon da Jordan, yana nesanta su da 'ya'yan masu masauki. A ganina nan ne aikin zaman lafiya yake, domin yaran da ba su taɓa wasa tare ba da wuya su amince da juna.

An kuma nemi a riƙa biyan malamai 'yan Siriya haƙƙinsu, sannan a ba kowane ɗalibi takardar shaidar karatu, tunda iyalai suna komawa gida bayan faɗuwar gwamnatin Assad a Disambar 2024.