Na ba magena maganin tsutsa sau biyu, har yanzu ina ganinsu

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu kiwon mage da kare, ku taimaka mini da shawara, abin ya dame ni ƙwarai.

Magena wata 7 gare ta. Na ba ta maganin tsutsa mai suna pyrantel daidai nauyinta, na sake ba ta bayan mako 2. Dogayen tsutsotsin da take fitarwa a kashi sun daina fita, alhamdulillahi. Amma har yanzu nakan ga wasu 'yan gutsattsari farare, masu faɗi, suna motsi a gindin wutsiyarta da inda take kwanciya. Tana cin abinci sosai, sai dai ta rame, gashinta ma ya daina sheƙi.

Ina zargin gutsattsarin nan na tsila ne. Daga baya na fahimci pyrantel macijin ciki yake kashewa, ba ya taɓa tsila, sai wani magani mai suna praziquantel. Kuma tsila yawanci ta hanyar ƙuma take shiga, idan mage ta haɗiye ƙuma wajen lasar jikinta. Tawa kuwa tana yawan susa. To wanne zan fara, maganin ƙuma ko na tsila, ko a rana ɗaya ake haɗawa? Ina da maganin ƙuma na kare, amma akwai permethrin a ciki, wanda guba ne ga mage, shi ya sa ban kusantar da shi gare ta ba.

Ga kuma kwikwiyo ɗan mako 6 a gidan, wuri ɗaya suke kwana. Shi ma a ba shi praziquantel yanzu, ko ya yi ƙanƙanta? Yarana suna wasa da su kullum, wannan ne ya fi tayar mini da hankali.